KABOYIN AMURKA DA MAGANAR "KOWA TASA TA FISSHE SHI"

Laccar da akawun ofishin jam'iyya ya karanta a gaban 'yan'uwa da 'yan kasuwa. Mun buga ta duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba.



Maganar da za mu yi yau ta wata ƙasa ce mai nisa, watau Amurka, da wani labari da mutanenta ke ba kansu, su ke kuma sayar wa duniya. Labarin kuwa shi ne, wai ba wanda ya gina ƙasarsu sai namiji mai taurin rai, wanda ya shiga daji shi kaɗai da dokinsa da bindigarsa, bai roƙi kowa ba, bai jira gwamnati ba, ya yi arziki da guminsa. Wai kuma duk wanda ka gani cikin talauci a can, ragwanci ne ya kai shi. Waɗanda suka manyanta cikinku sun sha ganin wannan mutum a silima a Kano da Jos da Kaduna, da faffaɗar hula da bindiga a kwankwaso, shi ne mu ke ce wa kaboyi.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne labarin bai tsaya a ƙasarsu ba. Ya bi fim da taba da kuɗin rance ya zagaya duniya, har ya zama in talaka ya nemi rijiya ko asibiti sai ƙosasshe ya ce masa ya dubi Amurkawa, su ba su jiran gwamnati. To, ku 'yan kasuwa ba ku sayen kaya a ƙunshe. Bari mu kwance wannan ƙunshi mu ga abin da ke ciki.

WA YA BA SU ƘASAR?

Da fari dai, dajin da a ke cewa sun shiga yana da masu shi, watau 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Jajayen Indiyawa. Gwamnati ce ta share su daga hanya, da kuɗin haraji da sojan gwamnati. A 1803 ta sayi wani makeken yanki daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, ƙasar ta ninka girmanta. A 1830 Majalisarsu ta yi dokar tayar da kabilun gabas, a 1838 soja suka tasa kabilar Cherokee gaba zuwa yamma, a kan kimanta mutum wajen 4,000 suka mutu cikin wannan ƙaura. A 1848, bayan yaƙi, aka karɓe Kalifoniya da wasu manyan yankuna daga hannun Meksiko.

Da ƙasa ta samu sai aka shiga rabo. A 1862 Shugaba Lincoln ya sa hannu a wata doka mai cewa duk wanda ya zauna a fili shekara 5 yana nomawa, an ba shi eka 160, ba abin da zai biya sai dala 18 ta takarda. Gidaje wajen miliyan 1 da dubu 600 suka sami gona ta wannan hanya. Jimlar abin da aka raba eka miliyan 270, watau ya fi faɗin Nijeriya duka. Kamfanonin jirgin ƙasa kuma aka ba su eka wajen miliyan 130 kyauta don su shimfiɗa dogo. Har wa yau gwamnati ce ta auna filayen, ta kafa barikokin soja, ta kai gidan waya, daga 1902 kuma ta shiga gina madatsun ruwa don noman rani a busassun jihohin yamma.

Sa'an nan sai mu tambaya, wa ya yi aikin? A 1860 akwai bayi baƙar fata kusan miliyan 4 a Amurka, audugar da su ke nomawa kuwa ta fi rabin abin da ƙasar ke sayarwa waje. Da aka 'yanta su, wani janar ya yanka wa waɗansunsu eka 40 kowane gida a Janairun 1865, amma shekarar ba ta ƙare ba sai da Shugaba Andrew Johnson ya sa aka mayar wa iyayengijinsu na dā da gonakin. Dogon da ya haɗa gabas da yamma a 1869, ma'aikata 'yan ƙasar Sin fiye da 10,000 ne suka fasa masa duwatsu ta ɓangaren yamma. Ladansu shi ne dokar 1882 wadda ta hana leburorin Sin shiga ƙasar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce muna rage wa manoman nan wahalarsu. Sun sha fari da fara da sanyi mai kisa, har da yawa daga cikin waɗanda suka kama fili ba su kai ga samun takardarsa ba. Amma wanda aka ba gona kyauta, aka kore masa masu ita, aka kawo masa jirgi ƙofar gida, ba shi da bakin cewa ba wanda ya taimake shi.

KABOYI NA GASKIYA

Yanzu ga shi kansa kaboyin. Duk wanda ya san masu koren shanu daga nan zuwa Kurmi a ƙafa, kafin mota ta karɓi aikin, ya san kaboyi. Ɗan ƙwadago ne. Aikinsa ya kora shanun wani daga Teksas zuwa tashar jirgi a Kansas, tafiyar wata biyu ko uku. Garke mai shanu 2,500 ko 3,000 yakan ci mutum goma ko sha biyu, da shugabansu, da mai dafa musu abinci, suna gadin dare bi da bi. Mutum guda ba ya iyawa ko na yini ɗaya. Albashinsa wajen dala guda a rana, dokin da ya ke hawa ma galibi na maigida ne. Da yawa daga cikinsu baƙar fata ne 'yantattun bayi da mutanen Meksiko, kuma daga Meksikawan aka koyi sana'ar, da sirdinta da igiyar zargenta. Zamanin wannan kore duka bai wuce shekara 20 ba, daga wajen 1866 zuwa wajen 1886, sa'an nan dogo da waya mai ƙaya suka kashe shi.

Shanun fa na wa? Da yawa na manyan kamfanoni ne. Ɗaya daga cikin mafi girma a Teksas, mai suna Matador, daga 1882 mallakar attajiran garin Dundee ne a Sikotilan, waɗanda ke zaune ƙetaren teku suna jiran riba. A 1883 kaboyin arewacin Teksas suka yi yajin aiki suna neman ƙarin albashi, masu garke suka ɗauki waɗansu a madadinsu, yajin ya mutu. Kun taɓa ganin fim ɗin kaboyi mai yajin aiki?

Maganar harbe-harbe kuma, manyan garuruwan shanu suna da dokar cewa baƙo in ya shigo gari ya ajiye bindigarsa. Dodge City ta yi irin wannan doka a 1878, Tombstone a 1881. Shahararren faɗan nan na Tombstone, wanda aka yi fina-finai barkatai a kansa, 'yan doka ne suka je karɓe bindigogin waɗansu mutane, aka yi ɓarin wuta na wajen rabin minti, mutum 3 suka mutu. Wani malamin tarihi, Robert Dykstra, ya bi takardun garuruwan shanu biyar na Kansas daga 1870 zuwa 1885, ya tarar da kisan kai 45. Ga ƙananan garuruwa wannan ba kaɗan ba ne, amma fim guda yakan kashe fiye da haka kafin a tashi.

Waɗanda suka tafi yamma da iyalinsu kuwa, cikin ayari suka tafi, kamar fatakenmu na hanyar Gwanja. Sukan zaɓi madugu, su rubuta dokokin tafiya, su raba gadi. In sun sauka, gayya su ke yi su ɗaga wa juna rumbu, su haɗa kuɗi su ɗauki malamin makaranta.

MASU SAƘA LABARIN

To, ina aka samo wancan kaboyi na silima? Saƙa shi aka yi, masaƙan kuwa sanannu ne. Akwai Buffalo Bill, wanda ya kafa wasan dawaki da bindigogi a 1883, ya zagaya da shi gari gari ana biyan kuɗin shiga, har ya yi wa Sarauniya Victoria wasa a Landan a 1887. Akwai wani malamin jami'a, Frederick Jackson Turner, wanda ya karanta takarda a Chicago a 1893 ya ce zaman bakin daji shi ya haifi halin Amurkawa na tsayawa da ƙafarsu, aka yi shekaru ana koya wa 'yan makaranta haka. Akwai Horatio Alger mai rubuta wa yara littattafai wajen 100 a kan matalaucin yaro da ya zama mutum. Amma in ka karanta da kyau, yawanci wani attajiri ne ke ɗaukar yaron. A cikin mafi shaharar littattafan, yaron ya ceci ɗan wani mai kuɗi daga ruwa ne, uban ya ba shi aikin akawu.

Sa'an nan silima ta karɓa. John Wayne, sarkin kaboyin fim, wanda ya ci yaƙe-yaƙe da yawa a allo, bai shiga soja ba a Yaƙin Duniya na Biyu. Masu taba ma suka shigo. Sigarin Marlboro da fari mata a ke tallata wa, daga tsakiyar shekarun 1950 aka ɗora kaboyi a kan tallarsa, ciniki ya buɗe. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito a tallar, Wayne McLaren, ciwon dajin huhu ya kashe shi a 1992, ya ƙare kwanakinsa yana roƙon mutane su bar taba. Dokin mai baki ya fi gudu, shi ya sa labarin ya riga gaskiya isa ko'ina.

RANAR DA AKA GWADA

Wanda ya shigar da maganar cikin siyasa sosai shi ne Herbert Hoover. Ran 22 ga Oktoba 1928, yana neman shugabancin ƙasa, ya yi lacca a New York ya ce tafarkin Amurka shi ne kowane mutum ya tsaya da ƙarfin kansa, tafarkin Turai kuwa shi ne gwamnati ta riƙa renon mutane kamar 'ya'ya. Ya ci zaɓe da jihohi 40 cikin 48. Shi wannan Hoover ɗan maƙeri ne, maraya tun yana shekara 9. Kawunsa ne ya riƙe shi, jami'ar Stanford da ya shiga a 1891 kuma ba ta karɓar kuɗin karatu a lokacin. Ba mugun mutum ba ne, gama shi ya shugabanci ciyar da mutanen Beljiyam a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma ya gaskata cewa in gwamnati ta ba ɗan ƙasarta abinci ta lalata masa zuciya.

Shekara guda bayan laccar, a Oktoban 1929, kasuwar hannun jari ta rushe. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna wajen 9,000 suka rufe da ajiyar mutane a ciki. Kafin 1933 ma'aikaci ɗaya cikin kowane huɗu ba shi da aiki. Waɗannan mutane jiya suna aiki, yau ba su yi, ba kuwa ragwanci ne ya sauko musu dare ɗaya ba. Suka kafa bukkokin kwali da gwangwani a bayan birane, suna kiran unguwannin da sunan Hoover don ba'a.

A 1930 kuma aka yi fari. A Disamba Majalisa ta yarda da rancen dala miliyan 45 ga manoma don iri da taki da abincin dabbobi, amma gwamnatin Hoover ta ƙi a sa abincin mutane a ciki, ta ce wannan aikin masu sadaka ne. Watau alfadari ya ci da kuɗin gwamnati, mai alfadarin ya jira sadaka. Ran 3 ga Janairu 1931 ɗaruruwan manoma suka shiga wani ƙaramin gari a jihar Arkansas suna cewa 'ya'yansu na jin yunwa, ba za su koma hannu wofi ba. 'Yan kasuwar garin ne suka buɗe kantunansu suka ba su abinci.

Manya fa? A Janairun 1932 Hoover ya kafa hukumar ba da rance ga bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa. Shugabanta, Charles Dawes, ya ajiye aiki a watan Yuni, kafin watan ya ƙare bankinsa na Chicago ya sami rancen dala miliyan 90 daga hukumar. A wata na gaba, ran 28 ga Yuli, dubban tsofaffin sojan Yaƙin Ɗaya da suka yi sansani a Washington suna roƙon a biya su ladan da aka yi musu alkawari tun kafin lokacinsa, aka aika musu da soja da tankoki da barkonon tsohuwa, aka ƙone bukkokinsu. Mazajen da suka yi yaƙi na gaskiya ke nan. Da zaɓe ya zo a Nuwamba, Hoover ya tsira da jihohi 6 kacal.

ABIN DA YA FISSHE SU

Abin da ya fid da talakan Amurka daga wannan rami haɗa kai ne, da tilasta wa gwamnati ta yi musu aiki. Tun dā ma sun san hanyar. Manoma sun kafa ƙungiya a 1867, suka yi ta fama da kamfanonin jirgi masu tsawwala kuɗin dako har jihohi suka yi dokar ƙayyade shi. A 1892 suka tsai da ɗan takarar jam'iyyarsu ta talakawa ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 1.

A zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, wanda ya kā da Hoover, aka yi dokar lamunce ajiyar banki a 1933, don kada banki ya sāke rufewa da kuɗin talaka. A 1935 aka yi dokar fanshon tsofaffi da dokar 'yancin ƙungiyar ma'aikata. A shekarar nan gona ɗaya cikin goma ce ke da lantarki, domin kamfanoni sun ce ba riba a kai waya ƙauye. Gwamnati ta ba da rance, manoma suka kafa ƙungiyoyin gama kai suka kafa turaku da kansu, kafin shekara 20 gona tara cikin goma na da wuta. Ma'aikatan mota na garin Flint suka zauna cikin masana'anta kwana 44, daga ƙarshen 1936, har kamfanin General Motors ya yarda da ƙungiyarsu. A 1938 aka yanka mafi ƙarancin lada, aka ƙayyade sa'o'in aiki, aka hana sa ƙananan yara aikin masana'anta. Bayan Yaƙin Biyu kuma dokar 1944 ta biya wa tsofaffin soja kusan miliyan 8 kuɗin karatu da koyon sana'a.

Rabon bai zama daidai ba. Dokokin 1935 sun bar leburorin gona da barorin gida a waje, nan kuwa yawancin baƙar fata ke aiki. Su ma da haɗa kai suka nemi hakkinsu. A Montgomery, daga Disamban 1955, suka ƙaurace wa motocin bas kwana 381, masu mota na ɗaukar marasa mota, mata na sayar da abinci suna zuba kuɗin mai, har aka soke dokar wariya a bas. Amurkawa suna da karin magana wai mutum ya kama maɗaurin takalminsa ya ɗaga kansa sama. Martin Luther King ya amsa musu cewa mugunta ce a faɗa wa wanda ba shi da takalmi haka, alhali an raba wa waɗansu ƙasa kyauta.

TAIMAKO GA MANYA, WA'AZI GA TALAKA

Duk da haka labarin bai mutu ba, domin yana da amfani ga masu shi. Ronald Reagan, wanda ya yi fina-finan kaboyi kafin siyasa, ran da ya hau mulki a 1981 ya ce gwamnati ita ce matsalar ƙasar. Mahaifinsa kuwa a ofishin agaji na gwamnatin Roosevelt ya sami aiki lokacin da gari ya yi zafi, shi kansa kuma ya shugabanci ƙungiyar 'yan fim shekaru da dama. A watan Agustan 1981 ya kori ma'aikatan hasumiyar jiragen sama fiye da 11,000 saboda yajin aiki.

Ku duba inda hannun gwamnati ke zuwa. Intanet da attajiransu suka yi arziki da ita, daga aikin ma'aikatar tsaro ta faro a 1969. Taurarin da ke nuna wa direba hanya a waya na sojan Amurka ne. Kamfanin mota na Tesla ya karɓi rancen gwamnati na dala miliyan 465 a 2010, ya biya daga baya, amma a lokacin da ya ke bukata an ba shi. A 2008, da manyan bankuna suka yi caca da bashin gidaje suka faɗi, Majalisa ta ware dala miliyan dubu 700 don ceto, miliyoyin iyalai kuwa aka karɓe gidajensu.

Ga inda abin ya taɓa maƙwabtanmu. A shekarun 1980 Bankin Duniya da Asusun Ba Da Lamuni, masu mazauni a Washington, suka matsa wa gwamnatocin Afirka su janye tallafin taki, manomi ya tsaya da ƙafarsa. A kakar 2001 zuwa 2002 kuwa manoman auduga wajen 25,000 na Amurka sun karɓi tallafin fiye da dala miliyan dubu 3 daga gwamnatinsu, auduga ta cika kasuwar duniya, farashi ya faɗi a kan manomin Cadi da Mali da Benin da Burkina Faso. Ƙasashen nan huɗu suka kai kuka ga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2003. Barazil ta yi ƙara ta ci, har Amurka ta biya ta dala miliyan 300 a 2014 don a kashe maganar. Manomin da ke noma da fartanya a Cadi, shi da wanda gwamnati ke cika wa aljihu a Teksas, wa ya tsaya da ƙafarsa?

WANDA KE BIYA

Mafi ban tausayi shi ne talakan Amurka da ya gaskata labarin. An koya masa cewa namiji ba ya kuka, ba ya neman taimako, bindiga ce abokiyarsa. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a ƙasar, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu, yawanci maza. Jihohin da wannan masifa ta kashe kai ta fi yawa sun haɗa da Wyoming da Montana da Alaska, inda a ke alfahari da zaman kaɗaici. Ingila ta buɗe asibitin kowa da kowa tun 1948. Shugaba Truman ya nemi inshorar lafiya ta ƙasa duka a 1945 aka kā da shi, har a 2023 mutum wajen miliyan 26 ba su da inshorar lafiya a ƙasar da ta fi kowace dukiya.

Jihar Teksas ta ware wayoyin lantarkinta daga na sauran ƙasar don kada gwamnatin tarayya ta sa mata doka. A Fabrairun 2021 aka yi mugun sanyi, injuna suka daskare, gidaje fiye da miliyan 4 suka rasa wuta, ba kuwa hanyar jawo isasshiya daga maƙwabta. Hukumar jihar ta ƙirga mutum 246 da suka mutu. Magajin wani ƙaramin gari ya rubuta wa mutanensa cewa ba wanda ke binsa bashin kome, mai ƙarfi shi zai rayu. Ya bar kujerarsa a makon nan. Waɗanda suka ceci mutane kuwa maƙwabta ne da suka buɗe ƙofofinsu.

Ko alkawarin nan na cewa ɗan talaka zai zama attajiri, masu bincike irin su Raj Chetty sun auna shi. In aka raba jama'a kashi biyar bisa ga samu, yaron da aka haifa a kashin ƙasa, tsakanin 7 da 8 cikin 100 ne ke kaiwa kashin sama a Amurka. A Kanada maƙwabciyarsu, mai asibitin kowa da kowa, wajen 13 ne.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

'Yan'uwa, ba mu zo mu koya wa kowa zaman banza ba. Wanda ya fito kasuwa tun asuba, ya yi dako, ya yi talla, ba ya bukatar Ba'amurke ya koya masa neman na kai. Neman na kai daban, "kowa tasa ta fisshe shi" daban. Na farko mutunci ne. Na biyu kuwa maganar wanda ya riga ya haye ce, ya juyo ya janye kwalekwale.

Saboda haka in wani ya zo muku da wannan wa'azi, ku tambaye shi wa ya biya masa kuɗin makaranta, wa ya ba shi jarin farko, hanyar da motarsa ke bi da kuɗin wa aka yi ta. Ku tuna kuma wanda ya biya haraji da kuɗin rumfa, in ya nemi rijiya da asibiti da makaranta, kayansa ya ke nema, ba bara ya ke yi ba. Ku riƙe adashinku, ku riƙe ƙungiyoyinku na kasuwa, ku halarci taronsu, ku binciki littafin kuɗinsu. Manoman Amurka da ma'aikatanta da baƙar fatarta ba su sami kome ba sai ran da suka taru, iyayenmu kuwa sun riga sun faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu, shugaban taro zai ba shi dama. Allah ya bar zumunci.